Sumayya ta canza fuska, albasa ta jira

A Madekali, can ƙasar Malanbil, teburin mai shayi shi ne majalisa. Ranar da Fati Washa ta bayyana a shirin Labarina a matsayin Sumayya, bayan Nafisa Abdullahi ta ajiye rawar, majalisar ta zauna har shayi ya huce a kofi.

Wani dattijo mai noman albasa ya matso da wayar da ake kallon shirin a ciki dab da hancinsa, ya ɗaga ta sama, ya goge gilashin da bakin riga.

"Yaro, wayarka ta lalace. Wannan ba Sumayya ba ce."

"Ita ce, Baba. Canza ta aka yi."

"Kamar tayar babur?"

Daga nan zance ya ɓalle. Ɗan kabu-kabu ya rantse da shi ne darakta Aminu Saira, da sai ya kashe Sumayyar a haɗarin mota kowa ya huta. Mai shayi, wanda bai taɓa taka Kano ba, ya zayyana wa darakta kurakuransa dalla-dalla yana fifita gawayi. Ni ma na tofa tawa, alhali zango biyu kawai na gani, shi ma rabi a gyangyaɗi.

Abin da ya ba ni dariya, mutanen nan kullum suna kallon jarumin Indiya yana zuba Hausar Kano a fassarar Algaita, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Baba dai ya miƙe a fusace, wai ya bar kallo har abada. Da ya kai bakin hanya sai ya waiwayo:

"Yaushe za a sako na gaba?"