Ɗabaƙoƙin Mutane a Ƙofar Makewayi

Duk wanda Allah Ya jarrabe shi da gina gida a wannan zamani, balle gidan bene, ya san babu ɗakin da yake tona asirin mai gida da maginansa kamar makewayi, domin a nan ne ruwa, wanda ba ya karɓar toshi, ba ya kuma jin kunyar rawani, yake zaman alƙalanci. Asalin mas'alar shi ne, simintin da ake cike tsakanin tayil da shi yana shan ruwa, saboda haka ya wajaba, kafin a shimfiɗa tayil, a shafe daɓe da bango da kwalta ko maganin hana yoyo har shafi biyu. Kakanninmu ba su jahilci wannan ba, da yake su ne suka haɗa katsi da gashin akuya da dafara suka yi laso, suka shafe rijiyoyin marina da shi. A kan wannan wajibi ne mutane suka kasu ɗabaƙa biyar.

Na farkonsu ma'abocin riya, wanda zai sayo tayil ɗan ƙasar Sifen da famfo mai ruwan zinariya ba tare da ya nemi ragi ba, amma da zarar magini ya ce, "Ranka ya daɗe, saura maganin ruwa," sai ya murtuke fuska ya ce, "To, wa zai gan shi?" Shekara ba za ta zagayo ba sai fentin falon da ke bayan bangon ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, wani farin gishiri mai kama da kanwa ya feso daidai inda baƙi suke jingina, kowa ya gani.

Na biyu mai gaggawa, wanda aka sa ranar tarewar amaryarsa tun ginin yana linta. Ƙa'ida ita ce a bar filasta ta bushe, a yi shafin farko a jira, sa'an nan a gitta masa na biyu. Shi kuwa yana tsaye a kan ma'aikata da agogo a hannu, an yi shafi da hantsi, an aza tayil da la'asar. Amarya ba ta gama cin kajinta ba aka dawo da guduma, sauri ya haifi nawa.

Na uku birkila sarkin sani, wanda hujjarsa a kowace muhawara ita ce shekarunsa talatin a sana'a. In an tuna masa cewa daɓe yana bukatar gangara ta santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ta nufi magudana, sai ya ce, "Alhaji, idona ya fi ma'auni." Tsakiyar ɗaki, inda ba a cika samun ɓarna ba, yakan lafta mata magani, kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa da gindin bututu kuwa, waɗanda su ne ƙofofin ɓarawo, ya bar su fayau. Albarkacin idon nan nasa, ruwan wanka ya bar alƙiblarsa ya nufi ƙofa, uwargida ta zama ma'aikaciyar dindindin, tana koro shi da tsintsiya safe da yamma tana yi wa birkila addu'ar da ba ta rubutuwa.

Na huɗu mai tawakkalin ƙarya. Masana sun ce bayan shafi ya bushe a toshe magudana, a tara ruwa a daɓen, a ja layi da alli, a bar shi sa'a 24 zuwa 48, a ga ko zai ragu. Shi a wurinsa wannan rashin yaƙini ne, amsarsa kullum "Allah zai kiyaye," ya manta Allah Ya ce tashi in taimake ka. Ruwa kuwa ya yi ta ratsa kankare a hankali har ya cim ma rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga siminti, alhali wanda yake ɗaukar ƙaddarar shi ne ɗan hayar da ke ƙasa, wanda ruwan alwalar mai gida yake ɗiga a kan katifarsa tun asalatu.

Na biyar mai wasiwasi, irin wanda yake maimaita alwala sau bakwai. An ce a kai shafi misalin mita 1.8 a wajen wanka, shi ya kai shi rufi. An ce kwana biyu, shi ya tsare ruwa mako guda yana kwana a bakin ƙofa da fitila, har iyalinsa suka koma aron makewayin maƙwabta. Maginan gari duk suna gudunsa, amma a cikin biyar ɗin shi kaɗai ne ba a fasa masa tayil ba.

In mai karatu ya tambaya a wace ɗabaƙa marubuci yake, gaskiya ta wajaba: tayil ɗina ɗan Sifen ne, kuma wannan maƙala sau uku ina ajiye alƙalami a cikinta in je in zubar da ruwan da ya cika bokitin da ke gefen teburina.