Wai Maigida Ba Fim Yake Kallo Ba, Bincike Yake Yi

Kowace unguwa ta san irin wannan magidancin. Idan ya shigo gida ya tarar da uwargida da yara sun zuba wa talabijin ido ana Labarina, ko wani fim ɗin Indiya fassarar Hausa, sai ya ja dogon tsaki ya ce shi ya rasa abin da mai hankali yake tsinta a labarin da aka san ƙarshensa tun ba a fara ba. Jarumi zai sha wuya, bos zai yi ta tsula tsiya, a yi kuka, a yi waƙa, a ɗaura aure. Da ya idar da wannan huɗuba sai ya shige ɗaki, ya toshe kunnuwansa, ya buɗe datar da ya rantse babu kuɗin saya wa kowa, ya raba dare yana kallon fim ɗin bayan fage na wata ƙungiyar ƙwallo a Ingila. Kakar wasan da ake nuna masa an gama ta tuntuni. Ya kalli wasanninta ɗaya bayan ɗaya a gidan kallo, ya san wanda ya ci, ya san a minti na nawa aka ci, har bashin kuɗin shiga ana bin sa. Gari na wayewa ya iso teburin mai shayi da jajayen idanu, ya ce bincike ya kwana yi. To, hujjojin da ke ƙasa sun nuna maigida ma yana da nasa fim mai dogon zango, illa dai nasa jaruman gajeren wando suke sawa.

Mu fara da wanda ya fi kowanne suna, The Last Dance. Ya fito a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, an rufe filayen wasa, maza sun rasa abin yi wa gardama. Kashi 10 ne, a kan Michael Jordan da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Chicago Bulls a kakar 1997 zuwa 1998, wato wasan da aka tashi daga shi shekara 22 kafin nan. Babu wanda ya zauna don ya ga ko Bulls za su ci kofi, duniya ta san sun ci guda 6, kuma da yawa daga masu kallon ko maki nawa ake ba jifa ɗaya ba su sani ba. Ka tambayi mai kallo abin da ya riƙe, ba zai kawo maka dabarar wasa ko ɗaya ba. Zai ce maka wurin da aka miƙa wa Jordan na'ura yana kishingiɗe a kujera, aka nuna masa wani tsohon abokin hamayya yana cika baki, ya tuntsure da dariya. Zai ce maka ranar da suka ci kofin 1996, Jordan ya kife a ƙasa rungume da ƙwallo yana shessheƙa, don shi ne kofin farko tun da aka kashe mahaifinsa a 1993. Ga maraya ke nan. Azzalumi kuma an tanade shi, manajan ƙungiyar Jerry Krause, gajere mai tumbi, wanda aka ɗora wa laifin wargaza tawagar. Ga kuma amini mai haƙuri da aka ci da guminsa, Scottie Pippen, wanda ya sa hannu a kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 18 a 1991, ya wayi gari yara na bayansa sun fi shi albashi. Rawa a cikin ruwan sama kawai ta rage a ce daga Mumbai aka kawo shi.

Na David Beckham kuwa, wanda Netflix ta fitar a 2023, ko ɓoye kama bai yi ba. Yaro ɗan talakawa ya tashi a hannun ubangida mai zafin rai, Alex Ferguson, wanda ya riƙe shi tamkar ɗa. Yaro ya ga wata mawaƙiya ya ce shi duniya sai ita, ubangida ya murtuke fuska ya ce yarinyar nan za ta ɗauke masa hankali daga sana'a. Aka ba yaro jan kati a wasa da Ajantina a gasar kofin duniya ta 1998, gari ya juya masa baya, ita kaɗai ta tsaya masa. A 2003 ubangida ya fusata ya haure takalmi ya same shi a saman ido, ba a jima ba yaro ya tattara kayansa sai Madrid. Duk marubucin da ya kai wannan labari Kannywood za a ce masa an riga an yi. Kuma wurin da ya fi yawo a wayoyin mutane daga duk kashi 4 ɗin babu ƙwallo a cikinsa. Mawaƙiyar nan, matarsa Victoria, ce zaune tana ba da labarin wai su ma gidan masu neman na kansu suka fito, sai mijin ya leƙo ta bakin ƙofa ya matsa mata ta faɗi irin motar da ake kai ta makaranta, tana ta kewaye-kewaye har ta amsa cewa Rolls-Royce ce. Tonon silili tsakanin miji da mata, shi ne abin da masana tamaula suka yi ta tura wa juna.

Na san amsar da ke bakin maigida. Zai ce ai wannan gaskiya ce ta faru, nasu kuwa ƙirƙira ce. Jordan da gaske ya yi kuka, takalmin Ferguson da gaske ya fasa gira. Haka ne, babu musu. Sai dai ya kamata a tambayi wanda almakashi yake hannunsa. An ɗauki hotunan Bulls tun 1997 bisa sharaɗin ba za a taɓa su ba sai Jordan ya yarda, suka yi ta kwana a ma'aji kusan shekara 20 kafin ya ce to, kuma kamfaninsa yana cikin waɗanda suka shirya fim ɗin. Krause ya rasu a 2017, don haka azzalumin labarin ba shi da bakin kare kansa. Pippen da aka ce an share masa hawaye, littafi guda ya rubuta a 2021 yana ƙorafin an mayar da su 'yan rakiya. Na Beckham ma kamfaninsa, Studio 99, yana cikin masu aikin. A tseren motoci na Formula 1 kuwa, Max Verstappen ya fito fili a 2021 ya ce ya daina ba masu shirin Drive to Survive hira, don suna ƙirƙiro gaba tsakanin direbobin da ba su da wata gaba. Idan mutum shi ne jarumi, shi ne mai kuɗin fim, shi ne kuma mai cewa a yanke nan a bar can, abin da ya fito sunansa kirari, ko da kowane hoto a ciki na gaske ne. Marubucin fim ɗin uwargida aƙalla ya rubuta sunansa a farko, bai ce wa kowa shi ɗan jarida ne ba.

Sai maigida ya koma hujja ta biyu, wai ilimi ake samu, ana ganin yadda manyan kociyoyi ke tsara wasa. Nan ne magoya bayan Arsenal za su yi mini haƙuri, su da haƙuri dama sun saba. Kamfanin Amazon ya bi ƙungiyarsu da kyamara a kakar 2021 zuwa 2022 cikin jerin shirinsa na All or Nothing, mu duba ilimin da aka kwaso. Ana shirin zuwa gidan Liverpool, koci Mikel Arteta ya sa aka jera lasifikoki a filin atisaye, aka ƙure sauti da waƙar magoya bayan Liverpool, wai don yara su saba da hayaniyar filin Anfield. Suka je, aka zuba musu 4 da nema. Wata rana za a kara da Brighton, ya shigo ɗakin sauya kaya riƙe da ƙwan lantarki, ya kunna shi a gaban 'yan wasa yana yi musu bayani a kan haɗin kai da haske. Aka ci su 2 da 1 a gidansu. Ƙarshen kaka suka ƙare a na 5, Tottenham ta ɗare ta 4 ta tafi gasar zakarun Turai. Babu ƙungiyar da za ta bar kyamara ta ɗauki ainihin sirrin wasanta abokan hamayya su kalla a kan kujera, abin da ake bari a gani shi ne ihu da zagi da buga allo. Abin da ya kai maigida can shi ne son jin yadda aka yi aka ƙwace kambun kyaftin daga hannun Aubameyang a Disambar 2021, wa ya ce me, wa ya sunkuyar da kai, wa ya fita bai yi sallama ba. Idan mata suka yi irin wannan bin diddigi a kan rikicin gidan maƙwabta, gulma ake kiransa. Shi kuma idan ya iso majalisa sai ya gyara zama ya ce, "Mu da muka san abin da ke faruwa a ciki," alhali shi da wanda yake yi wa burgar a waya iri ɗaya suka gani.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce Sunderland 'Til I Die, kuma ba zan yi mata rowar yabo ba, don a ganina duk ya fi su. Sunderland ta faɗo daga Firimiya a 2017, aka shigo da kyamarori da zaton za a ɗauki labarin komawarta sama. Masu shirya fim ɗin ma magoya bayanta ne na jini. Sai ƙaddara ta ƙwace alƙalami, ƙungiyar ta ƙare a ta ƙarshe cikin 24, ta sake gangarawa rukuni na uku. Wannan babu jarumin da ya biya a yi masa shi. An nuna limamin coci yana jagorantar addu'a don ƙungiya, an nuna direban tasi da masu dafa abinci a kulob ɗin, mutanen garin da masana'antar ƙera jiragen ruwa da ramukan kwal suka mutu suka bar su da ƙwallo kaɗai. A zango na biyu ne aka yi abin da ba a mantawa. An sayar da matashin da ke ci musu ƙwallaye, Josh Maja, ɗan asalin Najeriya, ga Bordeaux a Janairun 2019. Daren rufe kasuwar 'yan wasa mai ƙungiya Stewart Donald ya zauna da waya a hannu yana taya Will Grigg daga Wigan. Nasa mutanen suna ce masa kuɗin ya isa haka, shi kuma ana ƙin sallamawa yana ƙari, agogo na tafiya yana ƙari, fuska duk ta yamutse, har ya dire a fam miliyan 3. Grigg ya zo bai ci ƙwallon a zo a gani ba. A shekarar suka je wasan ƙarshe a filin Wembley sau biyu, aka doke su sau biyu, na biyun ma Charlton ce ta zura musu a daƙiƙun ƙarshe. Gaskiya ce tsagwaronta, na yarda. Amma a lura da abin da ya sa ake son sa. Babu wanda ke yabon Sunderland don iya taka leda. Hawayen ake so, da tsohuwar da ta dafe kai, da mutumin da ya rantse ya bar kallon ƙwallo har abada kuma aka gan shi a layin tikiti ranar Asabar. Hujjar maigida mafi ƙarfi ta dawo ta zama tawa. Kuma kada mu yaudari juna, akwai daɗin da ake ji idan gobarar a gidan wani take, musamman ga wanda tasa ƙungiyar ta sha kashi a makon.

Masu kuɗi sun riga kowa gane wannan. Kafin Drive to Survive ya fara a 2019, tseren Formula 1 ɗaya ake yi a Amurka duk shekara, a Austin, zuwa 2023 sun zama 3 da Miami da Las Vegas. Tauraron shirin ma ba zakara ba ne, Guenther Steiner ne, shugaban tawagar Haas a lokacin, wadda ke fama a baya, wanda ashar ta ɗaukaka. 'Yan fim biyu na Hollywood, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, sun sayi Wrexham ta yankin Wales a 2021 tana rukuni na biyar, kyamara na biye da su tun ranar farko. A da sai an yi abin tarihi ake zuwa ɗaukar fim, yanzu ƙungiyar ake saya don a samu na ɗauka. Wrexham ta hau mataki uku a jere daga 2023 zuwa 2025, ka ga ko marubuci sai haka.

Ni ban ga laifin kowa ba a nan. An hana namiji kuka a gidan biki, an hana shi a asibiti, ko a gidan makoki sai a ce ya daure shi namiji ne. Idan ya samu wurin da zai zubar da ƙwalla saboda wani Baturen Sunderland da bai san da zamansa ba, a ƙyale shi ya rage zafi. Tsakin ne kawai ba shi da hurumi, tunda kowa a gidan labarin so da cin amana yake bi.

Waɗanda nake jin haushi su ne masu shirya fina-finanmu, da suka bar wannan kasuwa ta magidanta tana tafiya Landan. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2008, ta jera 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, ta dawo a 2023. Ahmed Musa ya je Rasha da Ingila da Saudiyya, ya dawo ya sake saka rigar Masu Gida a 2021. Ga ɗaukaka, ga faɗuwa, ga ɗan da ya dawo gida, ga magoya bayan da ba a koya musu kuka ko ihu. Ba a ma zo maganar gidan dambe ba, inda makaɗi ke wasa ɗan dambe da kirari kafin ya shiga fage. Ku ɗauki kyamara, jama'a. Daga ofisoshinku na titin gidan Zu zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuɗin A-daidaita-sahu ne kawai.