Gyaran da Ya Kai Ni Gyara

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Ƙasa tana cikin wannan hali, shi kuma wannan bawan Allah ya rasa abin rubutawa sai lasifikar mota. To, ku yi haƙuri ku gyara zama. Wanda ya fi kowa ɗaga hanci a cikinku, na tabbata akwai wata jar waya mai kauri kwance a ƙarƙashin kafet ɗin motarsa, bai san inda ta fito ba, bai san inda ta nufa ba.

Ni dai motata Honda ce Accord ƙirar 2005, wadda 'yan kasuwa suka raɗa wa EOD. Ba Beljiyam ba ce, kada in yi muku ƙarya. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, sannan naira ta zube a 2023, irinmu muka daina leƙen motar Kwatano, muka koma neman ta hannu, wadda wani ya more a nan gida ya gaji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na yarda. Amma ni rariyar da na saya har da ganga a cikinta.

Ranar ciniki, a wani wajen dillalai a bakin titin Zariya, dillalin ya buɗe but ya nuna mini wani baƙin akwati da ya cinye rabin wurin, da wani ƙarfe mai haƙarƙari ɗaure a bayan kujera. Ya ce, “Alhaji, wannan ufa ce da amfilifaya. Ba mu sa su a lissafi ba, gyara ne.” Ya murɗa kiɗa, madubi ya ɗauki rawa, lambar mota ta shiga karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ni da ban wuce labarai da tafsiri ba, sai ga ni ina murmushi kamar an ba ni kujerar Makka. Wa ke ƙin gyara? Ko gyaɗa ka saya ai kana miƙa hannu.

Kwana biyu na ajiye ta a ƙofar gida a Ƙauyen Alu ban taɓa ba. Ran na uku na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas. Ga ta otomatik, ba a tura ta, balle in tara yaran layi. Maƙwabci ya ara mini batir ta tashi. Bayan mako guda aka maimaita. Sai na yanke hukunci irin na masu ilimi: batir ya mutu. Na sayo sabo fil.

A nan ne rediyon ya yi yaji. Honda ta wancan zamani, da zarar an cire mata batir, rediyonta sai ya kulle kansa ya rubuta CODE, yana neman wasu lambobi biyar da aka ba wanda ya fara sayen motar a Amurka shekara ashirin da suka wuce. Dabara ce ta maganin ɓarayi, amma ni mai rasit a aljihu ta kama. Mota ta yi tsit, ba kiɗa ba labarai. Kuma bayan kwana uku, sabon batir ɗin ma ya kwanta.

Yauwa, ga ɗan gaban aji can ya ɗaga hannu. “Ai ka ga kenan ba kayan kiɗan ba ne, tunda rediyon ma a kulle yake.” Sannu malam, haka ni ma na ce, har da rantsuwa, a gaban mai wayarin ɗin da aka kwatanta mini a Gyadi-Gyadi. Bai yi musu da ni ba. Ya ce in kashe mota, in zare makulli in sa a aljihu. Ya rufe but, ya kwantar da kujerar baya, ya ce, “Yallaɓai, leƙa.” Na leƙa cikin duhu. Wata 'yar shuɗiyar fitila ce a jikin amfilifayar tana kallona, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ce in taɓa ƙarfen. Da ɗumi, kamar kwanon da aka juye tuwo ɗazu.

Ga yadda abin yake, ga mai son sani. Amfilifaya tana shan wuta kai tsaye daga batir ta waccan waya mai kauri, amma akwai wata siririya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, wadda aikinta kawai ta ce mata tashi ko kwanta. Rediyon kasuwa irin su Pioneer yana zuwa da wannan wayar. Na kamfani a wannan mota ba shi da inda za a jona ta cikin sauƙi, kuma cire shi aiki ne, don a wannan ƙirar maɓallan AC da rediyon a jiki ɗaya suke. Shi kuwa gwanin da ya yi wa tsohon mai motar aiki, da ya ga abin zai ci masa lokaci, sai ya lanƙwasa siririyar ya cusa ta a bakin mai kaurin. Shi ke nan, amfilifaya ta daina barci. Mai wayarin ya sa mita: kusan amfiya ɗaya take zuƙa dare da rana. Motar kirki in an kashe ta, abin da take sha bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na wannan ba. Yi lissafi da kanka: amfiya 24 a kwana, batir kuwa gaba ɗayansa 60 ne ko 70. Tsohon mai ita ƙila kullum yana kan titi, shi ya sa bai taɓa lura ba. Ko kuma ya lura, shi ya sa na same ta da sauƙi.

Na ji wata Hajiya daga baya tana cewa, “To ai sai ka tura wa dillalin kayarsa.” Hajiya, kin taɓa ganin an mayar da gyara?

Abin da ya sa na daina dariya shi ne da muka buɗe bonet muka bi jar wayar. Daga kan batir ta tashi, ba fis ko ɗaya. Ƙa'ida ita ce a sa mata fis kusa da batir, kamar kamu guda, domin in ta goge ta taɓa jikin mota, fis ya ƙone ya huta. Wannan kuwa ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota ta wata huda da aka yi da ƙusa ko wani abu mai kama da ita, ba robar da ta kare ta. Ya janyo ta a hankali ya nuna mini wurin. Bawon ya siɗe ya yi fari, saura ƙiris a ga ƙarfe. An naɗe wani sashe da baƙin salatif, wanda zafin Afrilun Kano ya narkar ya zama kamar ƙaro, yana kama yatsa. Wannan waya ta ƙarƙashin kafet ta bi, daidai inda 'yar autata take ajiye ƙafa in za mu makaranta. Batir in ya sami gajeriyar hanya, ɗaruruwan amfiya yake turowa lokaci guda, waya ta yi ja, kafet ya kama. Ku da kuke ganin mota tana ci da wuta a gefen titi kuna cewa tsautsayi, wani tsautsayin da salatif aka naɗo shi.

Yanzu kuma ga dattawan majalisa sun gyara murya. “Mu dama mun faɗa. A tsinke komai a zubar, a bar mota yadda Bature ya yi ta.” Allah ya ƙara girma, amma ku ma ku saurara. Tsinkewar ba ta almakashi ba ce. Wanda ya sa kayan nan ya fere wayoyin lasifikan baya ya ɗauki sauti daga jikinsu. In ka fizge ba ka bi ka haɗa ka rufe ba, ka bar wayoyi tsirara suna lilo a bayan kujera, kuma ranar da suka taɓa ƙarfe rediyon kamfanin da kuke yabo shi zai fara tafiya. Sannan Baturen naku ai ba don ku ya yi ba. Rediyon motar Amurka a zangon AM goma-goma yake tsallakawa, mu kuwa tashoshinmu tara-tara aka jera su. Baffana ya shiga motar nan yana son Rediyon Kaduna, wadda take kan 594. Na murɗa, 590; na ƙara, 600. Ya yi ta jin ta a shaƙe kamar mai mura, ya ce in sauke shi ya koma wa 'yar ƙaramarsa mai batir biyu. Sa'armu ɗaya, a zangon FM su Freedom a 99.5 da Arewa a 93.1 sun faɗa daidai inda yake tsayawa.

Samari kuma, ku da kuke cika layi da duma in an ɗaura aure, na ga kuna zumɓura baki wai Baba bai san daɗi ba. Ku zo in nuna muku wani abu. A jikin amfilifayar an rubuta 3000W da manyan haruffa masu ƙyalli. A gefenta kuma ga fis ɗinta, ɗan kore, 30. Mota in tana aiki wutarta ba ta wuce bolt 14 da ɗoriya ba. Sau 30, nawa ke nan? 420. Ko da ba ta zubar da komai a zafi ba, iyakarta ke nan, sauran 2,580 ɗin fenti ne. Wanda ya je sayen irinta, a Ƙofar Ruwa ne ko a Sabon Gari, ya bar karanta kwali ya juya ta ya dubi fis. Kuma in kun ji wani siririn kuka a lasifika yana tashi yana sauka tare da totur, ba aljani ba ne, wayar as ce aka ɗaura a kan fenti ko a kan sako-sakon noti.

To me na yi? Na san kuna jira ku ji na zubar, don ku ce dama tsoro ne. Ban zubar ba. Mai wayarin ya mayar da siririyar wayar inda sai an murɗa makulli take samun wuta, ya sauya mai kaurin, ya sa fis a gindin batir, ya sa roba a hudar, ya kankare fenti ya ɗaure as. Lambobin rediyon kuwa, bayan na gama zufa ina shirin neman su a intanet, yaron shagon ya buɗe aljihun dashbod ya nuna mini wata 'yar takarda manne a gefe, ta yi ruwan ƙasa, da lambobi biyar a jiki. Tun daga Amurka take nan tana jirana. Kuɗin aikin duka bai kai na batirin da na saya a banza ba, kuma tsohon batirin, wanda na bayar a kuɗin gwangwan, ina kyautata zaton yana wata motar yanzu lafiyarsa ƙalau.

Yanzu da daddare in na kama shirin Inda Ranka a hanyar gida, muryar mai gabatarwa tana fitowa daga but da wani irin nauyi, ko ƙorafin kwata ake yi sai ka ji kamar sanarwar juyin mulki. Uwargida ce dai har yau ba ta sa hannu ba. Ranar da muka je kasuwar Singa sayayyar azumi, buhun shinkafa ya ƙi shiga but saboda akwatin, dole aka ɗora shi a kujerar gaba aka ɗaura masa bel, ita ta koma baya da jarkar mai a cinya. Tun daga Singa har Gadar Dangi ba ta ce mini uffan ba. Sai da muka shigo layi ta ce, “Malam, ko dai gangar nan ta fita, ko ka riƙa zuwa kasuwa da ita ku biyu.”