Juyen Baƙin Mai a Ƙofar Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, maƙwabcina Alhaji ya ɗaura ɗamarar yaƙi da duk mai ce masa "kawo kuɗin aiki". Bakanike ya fi shan suka. A cewarsa, kwance noti ɗaya da ɗura galan ɗin baƙin mai bai kai a karɓi naira 3,000 ba, ga shi kuwa ana koyarwa kyauta a YouTube.

Ranar Asabar ya sayo mai lita 4, ya aro jak da sifana, ya faki idon uwargida ya ɗauko robar wankinta, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin Corollarsa. Ni aka ba riƙon waya, ina mai da bidiyo baya duk sanda Baturen da ke koyarwa ya yi sauri.

Ya kutsa ciki, ƙafafu kaɗai ake gani. Can sai ga mai yana tsiyaya, ja wur kamar zoɓo.

"Malam, zo ka ga zalunci! Dubi jabun da suke zuba min!"

Na leƙa na ce lallai kam.

Ashe noti biyu ne a ƙasan, ɗaya na inji, ɗaya na giya, kuma man giyar atomatik shi ne ja. Shi ne Alhaji ya tsiyaye. Ya buɗe bonet ya ɗura sabon mai a kan tsohon da ko ɗigo bai fita ba. Inji ya sha ninki biyu, giya ta tashi da ƙishi.

Da ya tayar, hayaƙi ya turnuƙe layin, mai ƙosai ta kwashe kayanta. Ya sa giya, mota ta yi gardama, shi ma ya yi. Ya dinga taka totur har bakin titi, nan ta tsaya cak tana ƙauri.

Da igiya aka ja ta zuwa gareji. Bakanike ya zaro ma'aunin mai, ya dube shi, ya dubi yaransa.

"Alhaji, wa ya taɓa motar nan?"

"Wani yaro ne a hanya."

"Allah ya isar maka. Irinsu ke ɓata mana suna."

"Amin," in ji Alhaji, ƙasa-ƙasa.

Giya 'yar Beljiyam aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuɗin ɗora ta daban, na juyen mai daban, ya biya ko tayi bai yi ba. Uwargida kuwa har yau tana bin sa bashin roba.