Masu Girkin Zafi a Moshi Zango da Littattafansu

Zafin Kumasi yakan tsananta daga Fabrairu zuwa Afrilu, bayan hunturu ya janye, kafin damina ta kankama. A wannan tsakani girkin Moshi Zango kan karkata ga abin sha: sobolo, lamurji, fura da nono, burkina, da zomkom na Moshi, mutanen da unguwar ta ci sunansu. Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, sai buƙatar ta ninka. Kowace mai girki tana da littafin da ta dogara da shi, kuma da shi ake rarrabe su.

Kashin farko tsofaffi ne, littafinsu tafin hannu. Awo biyu suka sani, "kaɗan" da "daidai". Yarinyar da ta tambayi yawan kanwar da za a jefa a wake, amsarta ita ce, "Ɗiyata, zuba har ta ji."

Sai mai littafin kabad. Tana da The Ghana Cookbook na Fran Osseo-Asare da Barbara Baëta, bugun Amurka na 2015, ko Zoe's Ghana Kitchen na 2017, tsarabar wani ɗan'uwa daga Landan. Yana jere da kwanukan aure, bai taɓa shaƙar hayaƙi ba. Baƙi ake nuna wa.

Kashin da ya fi yawa yanzu shi ne na mai waya. Takan jingina wayar a gindin turmi, ta bi wata baiwar Allah da ke girki a YouTube cikin kicin mai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa gumi na ɗiga daga haɓarta a kan gawayi. Malamar tana awo da giram da cokalin shayi, kasuwa tana awo da olonka da gwangwanin bota, don haka rabin yini kan tafi a lissafi. Za a aiki yaro kasuwar Kejetia da tsakar rana neman wani ganye mai sunan Turanci, ya dawo da la'asar da na'ana'ar da ke tsiro a bayan gida. Sobolonta ba ya rasa abarba da kokwamba da kanumfari da wani abu na huɗu da ba ta yarda ta faɗa sai an ɗanɗana. Daidai inda malamar ta ce "ga sirrin", nan data ke ƙarewa. In data ta kai, sai dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya sauka, injin markaɗe ya tsaya, ƙanƙara ta koma ruwa. In kuma komai ya tafi lafiya, ba mai taɓa kofi sai an ɗauki hoto ta fuska uku, ko da an kira magariba, masu azumi sun zuba mata ido leɓe a bushe. Yawancin girkinta kan ƙare da leƙa ɗakin tsohuwa: "Mma, zo ki duba mini wannan."

Mai littafin makaranta tana riƙe da abin da ta kwafa a ajin koyon girki, sai dai shafin da ake nema kullum shi ne wanda aka yaga aka naɗe ƙosai. Maigida kuma littafi ɗaya ya haddace, girkin mahaifiyarsa, yana karanto shi daga ƙarƙashin fanka. Akwai wasu 'yan nazari da ba su taɓa hura gawayi ba, suna zaga gidaje gab da buɗa baki da sunan bincike. Daga cikinsu ake samun masu rubuta irin wannan bayani.

Kashi ɗaya ne ba abin dariya a cikinsa, wato mai rage awo da gangan. Amarya za ta zo ta durƙusa, ta ce, "Hajiya, a koya mini miyar ayoyo," a karanta mata komai da fara'a, a tsallake daddawa, ko a ninka mata kanwa. Ranar da dangin miji suka zo cin tuwon zafi, miya ta fito baƙa tana ɗaci, Hajiyar ce ta farkon tafa hannu tana cewa yaran yanzu ba su iya komai ba. Kuɗin cefane ya salwanta, yarinya ta yini a bakin wuta a banza, maganar kuma ta riga ta isa gidan suna na gaba. Irin wannan takan daɗe ba a gano ta ba, domin ba a tuhumar babba a zango, sai amare biyu ko uku sun haɗu a famfo sun gwada abin da aka karanta wa kowacce.