Randar Ƙofar Masallaci

A wata unguwa da ke gindin Goron Dutse a Kano, akwai wani Alhaji mai shaguna a Kantin Kwari. Allah ya buɗa masa, ya saye gidaje uku ya rushe, ya tayar da bene, ya zagaye shi da katanga har da waya mai ƙaya. A tsakar gidan ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tankuna biyu a sama.

Famfon unguwar kuwa ya daɗe da ƙafewa. Duk daren da aka kawo wuta, tankunan Alhaji kan cika su tumbatsa, ruwa ya biyo wani bututu ya zuba a kwata ta waje. Yara suka gano, suka riƙa jera bokitai tun kafin asuba. Da hayaniyarsu ta tashe shi sau biyu, sai ya kira mai gadi.

"Gobe a juya bututun nan ciki."

"To, ranka ya daɗe."

A unguwar akwai wani dattijo ɗan garuwa, mutumin Damagaram, mai kura da jarkoki goma sha biyu. Kullum jarkar farko ba ta sayarwa ba ce. A randar ƙofar masallaci yake juye ta, ya ɗauraye moɗa, ya mayar da faifai ya rufe, sannan ya fita nema. Almajiri ya sha, ɗan acaɓa ya sha, mai tallan goro ta sha, babu mai tambayar wa ya zuba.

Ranar da dattijon ya rasu, sahu ya cika layi har ya karya kwana. Aka ɗauki makara zuwa Ɗandolo, matasa na rige-rigen sa kafaɗa. Alhaji ya iso a mota, ya ga taro, ya raɗa wa na kusa da shi:

"Wane babban mutum ne ya rasu?"

"Baba ɗan garuwa ne, Alhaji."

"Ikon Allah! Me ya bari?"

"Kurarsa da jarkokinsa."

Alhaji ya girgiza kai don tausayi. A lissafinsa, mutumin ya zo duniya ya koma bai tsinana komai ba.

Washegari da azahar wani almajiri ya buɗe faifai, ya zura moɗa, sai ta daki gindin randa, ƙwas. Ya leƙa ciki, ya tsaya yana waige-waige. A ranar mutane da yawa suka fara sanin hannun da ke shayar da su.

Da Juma'a ta zagayo, liman ya kawo labarin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha kyauta, ga shi sama da shekara 1,400 ana ambatonsa da ita. Alhaji na sahun gaba yana gyaɗa kai. Da aka sallame har ya riƙe hannun liman.

"Allah gafarta Malam, huɗuba ta yi. Da ma masu hali za su ji!"

Ni ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Na dai tambayi wani mai gyaran famfo, ya ce daga tanki zuwa bayan katanga bututu biyu da kan famfo ɗaya sun isa, aikin wuni guda. Jiya da dare an kawo wuta, ina kwance ina jin ruwa yana zuba a bayan katanga, ta ciki. Randar tana nan a bushe, da faifanta a kai.