Rabon Gadon Mai Rai

Duk wanda ya lizimci teburin mai shayi a Haɗeja cikin watannin da aka kwashe ana ja-in-ja kan mafi ƙarancin albashi a shekarar 2024, tun daga ranar da ƙungiyar ƙwadago ta yi wa hajarta kuɗi naira 615,000, gwamnati kuwa ta taya 48,000 ba tare da ta ji kunya ba, har zuwa 3 ga Yuni da aka shiga yajin aiki aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya (al'amarin da mutanen wasu unguwanninmu ba su farga da shi ba sai da suka ji a rediyo), haƙiƙa zai shaida cewa Allah Ya yi wa garin nan baiwar masana hisabi, waɗanda ke iya warware kasafin kuɗin tarayya tun shayinsu bai huce ba, alhali kuwa mafi yawansu bashi suka sha shi. Daga bisani aka sallama a 70,000 cikin watan Yuli, Majalisar Tarayya ta zartar da dokar a yini guda.

Ita Majalisar, a gaskiya, ba a raba ta da hayaniya idan kasafi ya zo gabanta. A 2016 ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin ya yi ƙorafin an yi cushe a kasafin, aka dakatar da shi kwana 180 na zaman majalisa. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 da bai ga ayyukan da aka jingina su gare su ba, shi ma aka ba shi hutun dole, domin ga alama a wannan mazhaba laifin wanda ya ce ya ga ɓaraka ya fi na ɓarakar nauyi. Amma duk saɓanin nan a kan furu'a yake. Da zarar an iso babin alawus da motocin aiki, sai ka ga mai rinjaye da maras rinjaye, ɗan Kudu da ɗan Arewa, sun ƙulla ijma'in da malaman Sunna ba su taɓa samun irinsa ba ko a kan ganin watan Shawwal. Sanata Kawu Sumaila ya faɗa da bakinsa cewa kuɗin gudanar da ofishinsa naira miliyan 21 ne a wata, wato albashin ƙaramin ma'aikaci ɗari uku cif, in ƙidayata ba ta kuskure ba.

To, sai dai adalci bai yarda a tsaya ga mutanen Abuja ba, gama mu ma muna da namu fannin, wanda ni a ganina ya fi nasu daɗewa. Malaman fara'ila sun shar'anta cewa ba a raba gado sai mai dukiya ya cika, an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa. Amma albashin ma'aikaci, musamman malamin firamare da akawun ƙaramar hukuma, ana raba shi ne mai shi yana raye, yana zaune a kan tabarma yana kallo. Ranar da aka ji Gwamna Umar Namadi ya amince da 70,000 a Jigawa, tun kuɗi ba su baro Dutse ba, magada suka hallara. Mai gidan haya ya aiko yaro da gaisuwa ta musamman. Mai bandar kifi, wanda jiya ya rantse ruwa ya yi yawa kifi ya watse, yau ya rantse ruwa ya janye kifi ya ƙare, kuma duka rantsuwar biyu hukuncinsu ɗaya ne a kan farashi. Shinkafar da aka noma nan Auyo ta hau kamar daga Tailan aka yi dakonta. Uwargida ta tuna cewa rabonta da sabuwar atamfa tun babbar sallar bara waccan, ƙane ya zo da takardar kuɗin makaranta, gwaggo kuwa ta iso daga Guri da ƙullin kayanta, ta ce, "Ɗan nan, na ji abin arziki, na ce bari in zo in sa albarka." Idan aka tara rabon kowa sai a tarar ya zarce asalin dukiyar, abin da malamai ke kira auli, inda ake rage wa kowane magaji kaɗan domin rabo ya game, sai dai a wannan gado babu wanda ake rage wa sai mamacin.

Dattawa sun ce haka aka yi a zamanin Udoji, lokacin da gwamnatin Gowon ta karɓi rahoton kwamitinsa na 1974 ta biya ma'aikata ƙari har da ariyas, aka cika gari da sababbin babura da rediyoyi, kasuwa kuma ta bi sawu ta karɓe abinta.

Kada kuma a ɗauka shi ma'aikacin ma'asumi ne. A cikin kasafin da ya karanta wa iyalinsa bayan sallar isha'i akwai wani sashe mai suna "hidimomin ofis" wanda, da uwargida za ta kafa kwamitin bincike, da ta gano cewa ƙarshensa wani zaure ne a Malam Madori inda ake kai goro da turare duk daren Juma'a. Da ta yi tambaya sai ya ce ta saɓa ladabin zama, ya dakatar da ita daga magana, daidai da sunnar manya.

Shi ne kuma, tare da sauran masanan teburin shayi, za ka tarar da asuba a ƙofar gidan ɗan majalisa ranar da aka ji ya shigo gari, kowa da takardar asibiti ko katin ɗaurin aure a aljihu, suna kiransa da laƙabin da ko sarki sai ya yi tawali'u kafin ya amsa. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya na cin gonakin Kirikasamma da Kafin Hausa kusan kowace damina, tsuntsayen jan-baki na sauka a kan shinkafa, amma da wuya a sami wanda zai ɓata wannan ganawa mai albarka da tambayar nawa aka ware wa yashe kogi. Wani dattijo ya taɓa gwadawa, aka ce masa mai girma ya gaji da tafiya, kuma na bayansa a layi suka roƙe shi ya gajarta, don ambulan ɗin sun kusa ƙarewa.